Ganye, Gishiri da Man Kifi: Tarihin Neman Daidaita Bugun Zuciya

Zuciyar baligi tana bugawa kusan sau dubu ɗari a kwana guda, kuma mafi yawanmu ba ma sanin tana yi. Sai ranar da ta tsallake bugu ɗaya, ko ta kama gudu muna zaune ba aikin fari ba na baƙi, sannan hankali ya tashi. Mukan ce gabanmu ya faɗi. Wani lokaci tsoro ne ko gajiya, ya zo ya wuce. Wani lokaci kuwa ciwo ne mai suna a wurin likitoci, wanda idan aka ƙyale shi yana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki ko mutuwar fuju'a.

Duk wanda ya nemi bayanin wannan damuwa a wayarsa a yau, talla ce za ta fara tarbarsa: kwalbar maganiziyam, ƙwayoyin man kifi, garin fotasiyam, haɗin ganye kala-kala. Kowanne ana cewa daga tsirrai yake ko daga abinci, don haka ba shi da illa. Ya kamata mu san cewa yawancin waɗannan abubuwa an riga an gwada su a kan mutane. An ƙirga waɗanda suka samu sauƙi, an ƙirga waɗanda ba su ga canji ba, an kuma ƙirga waɗanda suka rasa rayukansu. Wannan ƙirga ta ɗauki fiye da shekara ɗari biyu, kuma ta fara ne da wani haɗin ganye a ƙauyukan Ingila.

Haɗin tsohuwar Shropshire

A 1775 aka kawo wa wani likitan Ingila mai suna William Withering wani haɗin gargajiya da wata tsohuwa a yankin Shropshire take ba masu ciwon kumburi, wato waɗanda ruwa yake taruwa musu a ƙafa da ciki da huhu. Haɗin ya ƙunshi ganye ashirin ko fiye, kuma yana aiki a wasu lokutan da magungunan likitoci suka gaza. Withering masanin tsirrai ne, don haka bai sha wahala ba wajen gane cewa ƙarfin haɗin yana cikin ganye ɗaya, wato dijitalis, wani tsiro mai furanni kamar ƙararrawa da ke fitowa a dazuzzukan Turai.

Abin da ya sa ake tunawa da shi har yau shi ne abin da ya yi bayan haka. Ya shafe shekara goma a Birmingham yana gwada ganyen. Ya lura cewa ƙarfinsa yana canzawa da lokacin da aka tsinke shi, sai ya tsayar da tsinka a lokacin da tsiron yake fure, ya shanya, ya daka, ya auna. A 1785 ya wallafa littafi da bayanin marasa lafiya fiye da 150, har da waɗanda maganin bai yi musu komai ba. Ya rubuta alamomin wuce ƙima dalla-dalla: amai, gudawa, ganin abubuwa sun koma rawaya ko kore, da bugun zuciya da ke raguwa har ya kusa tsayawa. Ya kuma gane cewa ganyen yana da iko a kan motsin zuciya irin wanda ba a taɓa gani ga wani magani ba.

Likitocin da suka biyo bayansa da yawa ba su bi awonsa ba. Suka riƙa ba da dijitalis ga kowane irin ciwo, daga tarin fuka har taɓin hankali, da yawan da ya wuce hankali, har ganyen ya yi baƙin jini. Sai a farkon ƙarni na 20 James Mackenzie ya nuna amfaninsa na gaskiya wajen rage gudun zuciyar da bugunta ya rikice. A 1930 wani masanin haɗa magunguna, Sydney Smith, ya ware sinadarin digoksin daga wani nau'in tsiron. Har yau ana ba da shi, kuma har yau tazarar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke kisa 'yar kaɗan ce, shi ya sa ake auna shi a cikin jini.

Dafin kibiya

Afirka tana da nata kaso a wannan labari. John Kirk, likita kuma masanin tsirrai da ya raka David Livingstone tafiyar kogin Zambezi daga 1858, ya tara irin wani tsiro mai yaɗo da maharban yankin suke dafa kibiya da shi. Ya ajiye irin a aljihu ɗaya da buroshin haƙorinsa. Da ya goge baki sai ya ji ɗaci, ya kuma lura bugun zuciyarsa ya ragu. Samfurin ya isa Edinburgh, inda Thomas Fraser ya yi shekaru yana bincike a kansa, har a 1885 ya gabatar da sinadarin sitirofantin a matsayin maganin zuciya.

Wannan dangin tsiro ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne kwankwani, wanda maharbanmu suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da shi. Tumfafiya ma, da ke fitowa a kowane kango, tana ɗauke da sinadarai 'yan gida ɗaya da na dijitalis. Aikinsu iri ɗaya ne: suna toshe wani ƙaramin famfo a jikin ƙwayoyin tsokar zuciya da ke fitar da sodiyam ya shigo da fotasiyam. Idan an toshe shi kaɗan, zuciya takan matsa da ƙarfi kuma ta rage gudu. Idan an toshe shi da yawa, sai bugun ya hargitse ya tsaya. Maharbi da likita abu ɗaya suke riƙe da shi, awo ne ya raba su.

Ɗan kasuwar da ya koya wa likita

Kafin ƙarni na 20, yatsa a kan jijiyar hannu da kunne a kan ƙirji su ne kayan aikin likita. Willem Einthoven na ƙasar Holan ya canza wannan a farkon shekarun 1900 da na'urar da ke zana wutar lantarkin zuciya a kan takarda, wadda muke kira ECG, ya kuma samu kyautar Nobel a kanta a 1924. Da ita aka tabbatar a 1909 da yanayin rikicewar bugu mafi yawa a tsakanin manya. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. A lafiya, wani ɗan gungun ƙwayoyi a ɗakin sama na dama shi ke ba da umarnin kowane bugu. A wannan ciwo kuwa ɗakunan sama sukan daina matsawa, su koma makyarkyata fiye da sau 300 a minti, su kuma na ƙasa su riƙa bugawa ba tsari.

A 1912 wani ɗan kasuwa ɗan Holan da ke fama da wannan makyarkyata ya je wurin likita Karel Wenckebach. Likitan ya gaya masa gaskiya cewa ba shi da maganin da zai tsayar da ita. Mutumin ya ce shi yana da shi, ya yi alkawarin dawowa washegari da bugu daidai. Ya dawo kuwa, kamar yadda ya faɗa. Sirrinsa kwinin ne, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake samu daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka. Wenckebach ya rubuta labarin a 1914, kuma a 1918 Walter Frey a Jamus ya nuna cewa ɗan'uwan kwinin, wato kwinidin, ya fi shi ƙarfi.

Kwinidin ya yi sarauta shekaru da dama. Amma tun a 1964 aka bayyana cewa wasu masu shansa sukan yanke jiki su faɗi, saboda maganin da kansa yana haddasa wata rikicewar bugu mai haɗari a ɗakunan ƙasa. A 1990 aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje shida, aka ga cewa lallai yana riƙe bugu daidai, amma mace-mace a cikin masu shansa sun kai kashi 2.9 cikin ɗari, alhali a cikin waɗanda ba su sha ba kashi 0.8 ne. Daga nan likitoci suka koyi cewa takardar ECG ta yi kyau ba shi ne mai ita zai yi tsawon rai ba.

Maganin amiyodaron, wanda ake ji da shi a asibitoci yanzu, shi ma daga ganye ya faro. Masarawa sun daɗe suna shan irin wani tsiro da suke kira khilla don ciwon tsakuwar ƙoda. A shekarun 1940 Gleb von Anrep ya gano a Alƙahira cewa sinadarinsa yana buɗe jijiyoyin zuciya. Daga wannan zaren aka haɗa amiyodaron a Beljiyam a farkon shekarun 1960, sannan Mauricio Rosenbaum na Ajantina ya nuna ƙarfinsa wajen daidaita bugu. Yana aiki ƙwarai, yana kuma iya taɓa huhu da hanta da maƙoƙo.

Ruwan famfon Landan

Tushen duk wata magana a kan fotasiyam da kalsiyam da maganiziyam yana komawa ga wani kuskure da aka yi a ɗakin gwaji a Landan a farkon shekarun 1880. Sydney Ringer yana binciken abin da ke sa zuciyar kwaɗo ta ci gaba da bugawa bayan an ciro ta. Ya ga tana yin sa'o'i tana bugawa a cikin ruwan gishiri. Daga baya ya gano mai taimaka masa da ruwan famfo ya haɗa, maimakon tataccen ruwa. Da aka maimaita da tataccen, zuciyar ta yi rauni ta tsaya ba da daɗewa ba. A 1883 Ringer ya bayyana dalili: ruwan famfon yana da kalsiyam, kuma zuciya ba ta matsawa sai da shi. Ya kuma nuna cewa dole a samu fotasiyam daidai gwargwado, domin idan ya yi yawa shi ma yana tsayar da ita. Ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a asibitocinmu mai ɗauke da sunan Ringer jikan wannan gwaji ne.

Abin da ya fito fili shi ne kowane bugu musayar gishiri ne. Sodiyam da kalsiyam suna shiga ƙwayar tsoka, fotasiyam yana fita, sannan komai ya koma mazauninsa kafin bugu na gaba. Fotasiyam a jinin mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0 a ma'aunin asibiti. Ƙasa da haka haɗari ne, sama da haka ma haɗari ne. Ƙoda ce ke tsaron wannan iyaka. Gudawa da amai da magungunan sa fitsari suna zubar da fotasiyam da maganiziyam, kuma ƙarancin fotasiyam yana ƙara wa digoksin dafi. Ciwon ƙoda da wasu magungunan hawan jini kuma suna tara shi. Don haka ƙwayar fotasiyam ɗaya tana iya zama ceto ga wani, ta zama ajali ga maƙwabcinsa, kuma awon jini ne kaɗai ke bambanta su.

Amurka ta ga abin da wasa da wannan ma'auni ke jawowa. A 1976 wani likita, Robert Linn, ya wallafa littafin rage ƙiba da ya yi kasuwa sosai, yana kiran mutane su bar abinci su dogara da wani ruwan furotin da aka haɗa daga fata da jijiyoyin dabbobi. A 1977 rahotannin mutuwa suka fara isa ga hukumomi, har suka kusa sittin. Da aka tace su, aka samu mutum 17 da ba su da wani ciwo kafin su fara, yawancinsu mata, waɗanda rikicewar bugun ɗakunan ƙasa ta kashe bayan watanni a kan wannan ruwa.

Maganiziyam yana da labari mai fuska biyu. Tun 1935 aka fara gwada shi ta jijiya don rikicewar bugu. A shekarun 1980 likitoci a birnin Ƙudus suka nuna cewa allurarsa tana tsayar da wata rikicewa mai kisa, irin wadda kwinidin ke haddasawa, kuma har yau shi ne maganin farko a kanta. Ganin haka aka sa rai zai ceci duk wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe. Wani gwaji a Leicester a 1992 da mutum 2,316 ya ƙarfafa wannan fata. Sai aka yi babban gwaji da mutum 58,050, aka fitar da sakamako a 1995, ba a ga wani amfani ba. Allurar gaggawa ga ciwo guda sananne daban take da ƙwayar da mai lafiya zai riƙa haɗiya kullum, ko da sinadarin ɗaya ne.

Inda ƙari ya yi rana

Akwai wurin da ƙwayar ƙari ta ceci dubban rayuka. A lokacin sanyin 1935 wani ciwon zuciya ya ɓarke a gundumar Keshan da ke arewa maso gabashin Sin. Yana kama yara da mata masu shekarun haihuwa, zuciya ta kumbura, bugu ya rikice, mutuwa ta zo da sauri. Bayan shekaru aka lura cewa ciwon yana bin wani dogon yanki da ƙasarsa ba ta da sinadarin sileniyam, kuma mutanen wurin abin da gonarsu ta ba su kawai suke ci. Daga 1974 aka fara ba dubban yara ƙwayar sileniyam a lardin Sichuan, aka kwatanta su da waɗanda ba a ba su ba. Ciwon ya ragu ƙwarai a cikin waɗanda suka sha.

Wannan labari yana da dangantaka da mu. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry suka rubuta a kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a Zariya, kimanin mace ɗaya a cikin kowace haihuwa ɗari, adadin da ya girgiza likitocin duniya. Sun ɗora zargi a kan al'adun jego: wankan ruwan zafi, kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. A nan akwai abin lura. A Turancin kasuwa ana kiran kanwa fotash, har wasu na zaton tushen fotasiyam ce, alhali mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne, wanda ke tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya kaya.

Bincike bai tsaya nan ba. A 1992 Arnaud Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka gano cewa matan da ke da wannan ciwo sileniyam ɗin jininsu ya yi ƙasa. Farfesa Kamilu Karaye da tawagarsa sun samu irin wannan a Kano, kuma babban binciken da ya jagoranta a asibitocin Nijeriya, wanda aka wallafa a 2020, bai samu alaƙa mai ƙarfi tsakanin ciwon da al'adun jego ba. Rama da rashin abin hannu da hawan jinin masu ciki su ne suka fi fitowa.

Sileniyam ɗin nan da ya ceci yaran Sin ya jikkata mutum 201 a Amurka a 2008, lokacin da wani ruwan ƙari da ake sayarwa ya zo da ninki kusan 200 na abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Gashi ya zube, farata suka lalace. Ƙari yana amfani ne inda aka rasa abu. Tulun da ya cika, duk abin da aka ƙara masa zubewa zai yi, a jikin mutum kuwa zubewar ba a ƙasa take sauka ba.

Tashi da faɗuwar man kifi

Babu ƙwayar ƙari da aka ɗora wa buri kamar man kifi. A 1970 wasu likitocin Denmak biyu, Hans Olaf Bang da Jørn Dyerberg, suka tafi arewa maso yammacin Girinlan don su auna jinin mutanen Inuit, waɗanda aka ce ciwon toshewar jijiyar zuciya bai dame su ba duk da kitsen kifi da na dabbobin teku da suke ci. Suka danganta abin da wani nau'in mai da ake kira omega-3. A 1989 wani gwaji a yankin Wales da maza 2,033 da suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya ya nuna cewa waɗanda aka shawarta su ci kifi mai kitse sau biyu a mako, mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 29 cikin ɗari. A 1999 Italiya ta kawo gwaji da mutum 11,324, inda giram ɗaya na man kifi a kullum ya zo da raguwar mutuwar fuju'a da kashi 45 cikin ɗari. Kowa ya ɗauka an samu mai daidaita bugu daga teku, kasuwa ta buɗe.

Gwaje-gwajen da suka biyo baya, waɗanda aka tsara da tsauri fiye da na farko, suka riƙa dawowa hannu rabbana. Man kifi bai hana makyarkyatar ɗakunan sama dawowa ga masu ita ba, bai kuma hana ta tasowa bayan tiyatar zuciya ba. Sannan abin da ba a zata ba ya bayyana. A wani gwaji na 2018 da mutum 8,179, giram huɗu na wani tataccen nau'in man ya rage matsalolin jijiyoyin zuciya da kashi 25 cikin ɗari, amma waɗanda aka kwantar saboda makyarkyata sun kai kashi 3.1, a kan 2.1 na ɗaya ɓangaren. A 2020 wani gwajin da mutum 13,078 bai ga amfani ba sam, makyarkyata kuma ta kama kashi 2.2 a kan 1.3. Da aka haɗa manyan gwaje-gwaje bakwai a 2021, mutum fiye da 81,000, sai aka ga haɗarin makyarkyata ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari ga masu shan ƙwayar, ya kuma kusa kashi 50 ga masu shan fiye da giram ɗaya a rana. Abin da aka shekara talatin ana sayarwa don daidaita bugu ya zama yana cikin masu rikita shi. Kifin da ke cikin miya ba a same shi da wannan laifi ba.

Ciyawar da ta kashe shanu

Babban haɗarin makyarkyatar ɗakunan sama yana cikin jinin da ke kwanciya a lungun zuciya ya daskare. Idan gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye. Dogon binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948, ya nuna cewa ciwon yana ninka wannan haɗari kusan sau biyar. Maganin da aka fara samu a kan haka daga garke ya fito.

A shekarun 1920 shanu a arewacin Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini. Likitan dabbobi Frank Schofield ya gano cewa harawar wata ciyawa ce da ta yi fumfuna. A Fabrairun 1933 wani manomi a jihar Wisconsin ya isa ɗakin gwajin Karl Paul Link da mushen saniya da gwangwanin madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa. Bayan shekara shida zuwa bakwai tawagar Link ta ware sinadarin. Daga danginsa aka haɗa warfarin, aka fara sayar da shi a 1948 a matsayin maganin ɓera. A 1954 aka amince a ba mutane, kuma a 1955 aka ba shugaban Amurka Dwight Eisenhower. Gwaje-gwaje daga baya sun nuna yana rage shanyewar ɓarin jiki ga masu makyarkyata da kusan kashi biyu cikin uku.

Warfarin yana aiki ne ta hanyar tare bitamin K, wanda Henrik Dam na Denmak ya fara gano alamarsa a 1929 a jikin 'yan tsakin da ke zubar da jini, ya kuma samu Nobel ta 1943 a kansa. Koren ganye irin su alayyahu da kabeji cike suke da wannan bitamin. Shekaru da yawa ana hana masu shan warfarin cin ganye. Yanzu shawarar ita ce su ci gwargwado ɗaya a kai a kai, kada a kwana biyu ana fama da kwaɗon ganye sannan a yi wata ba a taɓa ba, domin hawa da saukar ne ke rikita awon maganin. Haɗe-haɗen ganye da ƙwayoyin ƙari da dama ma suna ƙara masa ƙarfi ko su rage, haka lemon garehul yake yi wa amiyodaron.

Doka da kasuwa

A 1994 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ware ƙwayoyin ƙari daga magunguna. Mai magani dole ya kawo hujjar cewa abinsa yana aiki kafin ya sayar. Mai ƙwayar ƙari ba a ɗora masa wannan ba, hukuma ce za ta tabbatar da cutarwa kafin ta cire kayansa daga kasuwa. An ga sakamakon a kan ifidira, wani tsiron maganin gargajiyar Sin da aka mayar ƙwayar rage ƙiba da ƙara kuzari. Rahotannin hawan jini da rikicewar bugu da mutuwar fuju'a suka yi ta taruwa shekara da shekaru. Sai bayan rasuwar Steve Bechler, ɗan wasa mai shekara 23 da ya yanke jiki ya faɗi a filin atisaye a 2003, aka haramta ta a 2004. 

Abubuwan da suka tsaya da ƙafarsu a gaban gwaji ba su da kwalba. A Adelaide ta Ostireliya an bi masu makyarkyata 355 masu ƙiba, aka wallafa a 2015 cewa a cikin waɗanda suka rage kashi goma cikin ɗari na nauyinsu ko fiye, kashi 45 sun rabu da ciwon ba magani ba tiyata, alhali a cikin waɗanda nauyinsu bai motsa sosai ba kashi 13 ne. A 2020 wani gwaji a ƙasar da mashaya 140 ya nuna ciwon ya dawo wa kashi 53 na waɗanda suka bar giya, da kashi 73 na waɗanda suka ci gaba. A 2021 aka kammala gwaji a ƙauyuka 600 na Sin da mutum 20,995, inda aka musanya gishirin girki da wanda kashi ɗaya cikin huɗu nasa fotasiyam ne, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari. Ko a nan ma, tun farko an cire masu ciwon ƙoda daga gwajin.

Rikicewar bugu iri-iri ce. Wata ba ta buƙatar komai, wata daga maƙoƙo take ko ƙarancin jini, wata daga ƙyauren zuciya da zazzaɓin ƙuruciya ya lalata, wata kuma tana neman maganin hana daskarewar jini tun kafin ta yi ɓarna. Dukkansu a ƙirji faɗuwar gaba ɗaya ake ji. Withering ya yi shekara goma kafin ya san awon ganye ɗaya, mu kuwa muna da abin da bai samu ba: takardar ECG da ake zanawa cikin 'yan mintuna, da awon jinin da ke nuna fotasiyam da lafiyar ƙoda. Wanda gabansa ke yawan faɗuwa, can ya kamata ya fara kai kuɗinsa. Idan kuma ya riga ya sayi kwalaben, ya zuba su a leda, na kanti da na gargajiya duka, ya tafi da su wurin likita a karanta abin da ke jikinsu.